Yaya zan sa ɗalibaina su yi sharhin tattalin arziki da tunaninsu?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Ina koyar da tattalin arziki ga 'yan aji biyu a jami'a, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Ɗaliban sun iya hadda. Ka tambaye su ma'anar hauhawar farashi, su kawo maka ita kamar karatun allo. Amma ka ce su bayyana yadda cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya taɓa farashin buhun masara a kasuwar Dawanau, ta hanyar tsadar kuɗin mota, sai a yi tsit.

Shi ya sa na ce kowa ya riƙa rubuta gajeren sharhi duk mako kan wani labarin kasuwa, sauran su karanta su ba shi amsa. To, yawancinsu kwafowa suke daga intanet, amsar kuma ba ta wuce "madalla". Ajin ya cika maƙil, ba zan iya karanta na kowa ba.

Don Allah, waɗanda suka taɓa gwada wannan, yaya kuka raba maki? Rukuni-rukuni kuka haɗa su? Kuma me ya hana su kwafe?