Bindigogin jiragen yaƙin Japan: ta ina zan fara?

Habu: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina son in rarrabe bindigogin jiragen Japan na Yaƙin Duniya na Biyu, amma lambobin sun cakuɗe mini. Ta ina zan fara?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Fara raba su gida biyu: na sojan ƙasa da na sojan ruwa. Kowane ɓangare da tasa bindigar mai milimita 7.7, amma harsashin wannan ba ya shiga waccan. Type 97 ta sojan ruwa tana cin harsashi 7.7x56R (faɗin harsashi da tsawon kwansonsa a milimita), irin .303 na Ingila, Type 89 ta sojan ƙasa kuwa 7.7x58SR. Lambar da ke bin Type kuma shekara ce a lissafin masarautar Japan: 97 na nufin 2597, wato 1937.

Injiniya Bala: Habu, kama jirgin Zero na sojan ruwa, samfurin A6M2, tukuna. Type 97 biyu a saman inji suna harbi ta tsakanin farfela, sai Type 99 Mark 1 mai milimita 20 a kowane fiffike, asalinta bindigar Oerlikon FF ta Switzerland. Gangarta, wato ma'ajiyar harsashinta, harsashi 60 kacal take ɗauka, kimanin daƙiƙa bakwai sun ƙare. Gudun harsashin wajen mita 600 a daƙiƙa, yana saurin sunkuyowa, ba ya bin hanya ɗaya da na 7.7, dole matuƙi ya matso sosai kafin ya harba. Mark 2 ta rage matsalar da dogon bututu da harsashi 20x101, gudu ya kai wajen 750. A Zero samfurin A6M5a aka bar ganga aka koma ɗamara mai harsashi 125. In ka ga bututu ya zaro sosai daga fiffike a hoto, Mark 2 ce.

Malama Rabi: Kada a manta Ho-103 ta jirgin Ki-43 na sojan ƙasa. Tsarin bindigar Browning ta Amurka ce, amma harsashinta 12.7x81SR ne, irin na Breda ta Italiya. Da zarar an daidaita ta da juyin farfela, saurin harbinta ya faɗi zuwa kusan rabi. Ho-5 mai milimita 20 ta jirgin Ki-84 ita ma Browning ɗin ce aka faɗaɗa.

Habu: Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Akwai inda ake ganinsu?

Malam Isa: Amin. Gidan tarihi na Yushukan a Tokyo yana da Zero A6M5. Wajen bincike kuma ka riƙa haɗa Type 99 da 20mm, don akwai bindigar kafaɗa ta Arisaka mai wannan lambar, ita za ta fara fito maka.