Goɗiyata ta ƙi shan ruwa a sabuwar barga

Jama'a, ina neman shawara. Na mayar da dawakina wata bargar haya kusa da gida, don in riƙa leƙa su kullum. Ingarman ya saba nan da nan, amma goɗiyar ta ƙi ruwan wurin, sai ta sunsuna ta kau da kai. Ga shi doki na shan kamar lita 20 zuwa 40 a rana, kuma ƙarancin ruwa na kawo toshewar hanji. Likitan dabbobi ya duba ta, babu zazzaɓi. Har bokitinta na da na kawo mata, amma a banza. In riƙa jiƙa mata ciyawa ne, ko in ƙara mata gishiri? Wace alama zan gani in sake kiran likita?