Yaushe "ɗan gani-kashe-ni" ya koma zagi?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum. Tambaya gare ni, musamman ga manya. Mahaifinmu in ana hirar kokowa, ƙirji yake bugawa ya ce shi ɗan gani-kashe-nin Kantu ne, tun da Kantu ya ci gasar ƙasar Nijar ta farko a Tawa a 1975. A bakinsa kirari ne. To jiya a fadarmu, ana zuba shayi na biyu, na ce ba a yi ɗan kokowa kamar Isaka Isaka ba, duk da ɗan Doso ne, ba ɗan yankinmu ba. Sai wani ya ce, "Ku rabu da shi, ɗan gani-kashe-ni ne." Aka sa dariya, magana ta mutu. Wato ban kai a yi gardama da ni ba ke nan. Yaya aka yi uba yana ado da kalma, ɗa kuwa ana jifarsa da ita?

Malam Mai Allo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sirrin yana ga wanda ya furta. Babanka shi ya kira kansa, kai wani ne ya kira ka. Muddin masu ƙauna ne ke riƙe da sunan, yana da daraja. Ran da ya faɗa bakin abokan hamayya, sai su cika shi da abin da suka tsana. Dubi ƴan amshin Shata. Mutane ne masu sana'a, Mamman Shata ya ja baiti su karɓa, kuma in amshi ya karkace waƙar ta zube, kowa ya san haka. Shata ya rasu a 1999, yau ga sunan yana yawo a kan ƴan majalisar da ba su iya cewa a'a. Ƴan siyasa ne suka ja kalmar zuwa can, ba makaɗa ba.

Maman Nana, Zariya:
Malam, a gafarce ni, har da laifin masoyan. Ku leƙa TikTok ranar da aka ce jarumar Kannywood kaza ta fi wance iya ado. Yarinya ba ta taɓa taka Kano ba, amma za ta zagi uwar wata saboda wadda ba ta san da zamanta ba. Ƙanwata ta daina cewa ita ƴar a-mutun kowa ce, wai kar a haɗa ta da waɗannan.

Mai Kabu-kabu:
Hajiya, mu dai a gidan kallo "ɗan a-mutu" bai lalace ba tukuna. Wanda aka ci Barsa huɗu, washegari ya fito da rigar a jikinsa, shi muke ba sunan, har shayi ake saya masa. Wanda muke gudu shi ne mai fasa benci in an hura fenariti. Mai gidan kallon unguwarmu yanzu kuɗin benci yake karɓa tun a ƙofa ranar Madrid da Barsa.