Muhawara: Wai Tagar Silaidin Sayen Zafi Ce?

Mai Sabon Gini: Salamu alaikum jama'a. Ginina ya kai linta, ɗaki 3 da falo, can bayan gari a Kano. Mai alminiyon ya zo ya auna, ya rubuta min silaidin ko'ina, wato tagar gilashi da ake turawa gefe, ƙafa 4 tsawo ƙafa 4 faɗi. Sai ga Baba Magini jiya yana ce min wai duk wanda ya sa silaidin a gidan da babu AC ya sayi zafi da kuɗinsa. Ni kuwa ko turakun wuta ba su iso layinmu ba. Don Allah masana ku raba mu, kafin in ba da kafin alƙalami.

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ban janye ba. Ɗana, ba sai an kira injiniya ba, kai ma ka lissafa. Ramin da ka bari a bango 4 sau 4 ne, murabba'in ƙafa 16 ke nan. Silaidin ganye biyu gare ta, in ka ture ɗaya sai ya hau kan ɗan'uwansa. Duk iya turawarka ƙafa 8 ce za ta buɗe, ita ma sai ka ɗebe kaurin firam daga lissafin. Ka biya kuɗin taga guda, an ba ka rabi. Ragowar rabin gilashi ne tsaye dare da rana, iska ba ta ratsa shi, rana kuwa tana ratsawa.

Mai Alminiyon: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kada a kashe mana kasuwa da rana tsaka. To me za a sa? Luba, mai siraran ganyayen gilashi a jere? Wa ke sa luba yanzu in ba makarantar firamare ba? Ganyen gilashin nan ɗaya bayan ɗaya ake zare shi daga waje, ko ƙara ba za ka ji ba. Yaro ya buga ƙwallo, biyu sun tafi. Bayan shekara kaɗan hannun ya cije, ba ta rufuwa ba ta buɗuwa.

Maman Yara: A nan kam ina bayan mai alminiyon. Ku maza kuna maganar iska, mu ke shara. Gidan da muka taso luba ce, in hunturu ya shigo ko ka rufe ta ruf ƙura sai ta bi tsakanin ganyayen. Ka goge tebur da safe, kafin azahar yaro ya rubuta sunansa a kai. Ga tari, ga mura. Tun da muka koma gidan silaidin na san bambanci.

Baba Magini: Hajiya, hunturu wata nawa ne? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya gama. Kuma sanyi da ƙura ana maganinsu da labule mai kauri. Zafin Afrilu fa, da me za ki tare shi?

Maman Yara: Labulen ma ni ke wankewa, Baba.

Injiniya: Ku bari in ɗan tsoma baki. Lissafin Baba daidai ne, ba wanda zai musa. Amma maganar da ya ɗora a kai tana buƙatar gyara. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40 da rana. A irin wannan lokaci iskar waje ta fi ta cikin ɗaki zafi, in ka wangale taga ƙarfe 2 na rana wuta kake shigo da ita. Amfanin taga a bazara da daddare yake, lokacin da gari ya huce amma bulo da silin suna ta amayar da zafin da suka sha tun safe. A nan ne kake son kowane inci ya buɗe. Da rana kuma abin da kake so inuwa ce. Farin gilashi mai falle ɗaya yana barin sama da kashi 80 cikin 100 na zafin ranar da ta doke shi ya shige ɗaki, kuma wannan bai san silaidin ba, bai san luba ba.

Saboda haka tambayata ga mai gini: tagogin nan ina suke kallo?

Mai Sabon Gini: Injiniya, ta falo da ta ɗakin uwargida yamma suke kallo, don nan ne titi. Sauran kudu da arewa.

Injiniya: To ga matsalarka nan, ba alminiyon ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana ta kusa bi ta kanmu duk shekara. Tagar kudu da ta arewa ɗan baranda ko dogon bakin kwano ya ishe su inuwa. Amma ta yamma, daga bayan azahar zuwa faɗuwar rana, hasken a kwance yake zuwa, ya shige ƙarƙashin kowace rumfa ya kwanta a kan gadonka. Ta gabas ma haka da safe, ga shi kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa, ruwa ya yi ta dukan ta. Ka rage girman na yamma tun yanzu da ba a yi filasta ba, ka dasa darbejiya ko ka yi baranda a gabansu. Sannan kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita.

Baba Magini: Madalla, ai ka dawo inda nake. Ku je ku dubi Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, ku dubi tsofaffin sorayen cikin birni. 'Yar taga ce can sama kusa da azara, wani lokaci kai ma ba ya shiga. Ka shiga zaure da tsakar rana ka ji sanyi. Mutanen da ba jahilai ba ne.

Injiniya: Ba jahilai ba ne Baba, amma kada mu ɗauki tagarsu mu bar bangonsu. Katangar tubali mai kaurin gaske ce ke riƙe zafin rana har dare, ga rufin azara da ƙasa a sama. Kuma da bazara wa ke kwana a ciki? Tsakar gida ake shimfiɗa tabarma, ko a hau soro. Yanzu bulo mai rami ne inci 6 ko 9, ga kwano a kai, ga tsoron ɓarayi ya hana kwanan waje. Ka sa waccan 'yar tagar a wannan ɗaki ka ga ko mutum zai kai asuba.

Anti Nas: Allah ya saka Injiniya. Mu a asibiti duk bazara wa'azinmu ke nan: a bar cunkoso a ɗaki, a buɗe taga. Sanƙarau lokacin zafi da ƙura yake tashi, waɗanda suka ga annobar 1996 ba sa buƙatar a tuna musu. Kuma ku sa raga, don damina na shigowa sauro ne zai karɓi aiki. Sai dai ragar ma tana rage iska, balle in ƙura ta toshe ta. A riƙa cirewa ana wankewa.

Baba Magini: Kun ji ko? Rabi ya tafi ga gilashi, raga ta ci nata, ƙarfen boglari na tare ɓarayi ya ci nasa, labule ya rufe sauran. Me ya rage?

Mai Alminiyon: Baba, ai ba silaidin kaɗai muke yi ba, mutane ne ke tambayar ta don ta fi araha kuma ita suka gani a gidan maƙwabci. Akwai mai layi 3, ganyaye uku su taru gefe guda, kashi biyu cikin uku ya buɗe. Akwai kesmen, wadda ake turawa waje da hinji, ita gaba ɗaya take buɗewa, kuma in ka rufe ta tana danne roba, ƙura ba ta samun hanya. Ta fi silaidin hana ƙura nesa ba kusa ba, don silaidin ɗan gashi ne kawai a tsakanin ganyayenta, in ya cinye shi ke nan. Amma kesmen tana cin kaya, hinji da hannu da abin tokarewa, kuɗinta ba ɗaya ba. In na faɗi farashi sai mai gida ya ce yi min irin ta kowa.

Maman Yara: To me ya sa ba ku faɗin wannan tun farko? Ni tawa har tayar ƙasan ta mutu, sai na sa hannu biyu nake ja.

Mai Alminiyon: Hajiya, yashi ne ya cika layin. A riƙa sharewa da tsohon burushi, kada a zuba mai, mai ƙura yake kamawa. Taya kuma ana canzawa, ba tsada. Ki duba ƙasan firam ta waje, akwai 'yan ramuka da ruwan sama ke fita. In mai filasta ya toshe su, ruwan cikin ɗaki zai gangaro, fenti ya kumbura a ƙarƙashin taga, a ce aikinmu ne ba kyau.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Ni duk wannan gardama mamaki take ba ni. Mu nan yawancin gidaje farsiyan muke sawa, taga ta ƙarfe mai ganyaye a karkace, mai walda ke yin ta. Rana ba ta shiga, iska na shiga, mai wucewa ba ya ganin iyalinka, ɓarawo kuma ƙarfe ya tarar. Mai hali sai ya ƙara ta gilashi daga ciki, ya rufe lokacin ƙura. Ku kuna ɗaukar tagar ƙasar sanyi kuna kaiwa Sahel.

Maman Yara: Da rana fa, a duhu kuke zama?

Ɗan Maraɗi: Hajiya, duhun Afrilu ai ni'ima ne.

Mai Walda: Na gode ɗan'uwa na Maraɗi, yau an tuna da mu. Irin wannan muna yi, a kasuwar Panteka ta Kaduna ma ana yi, kaya kuma ga su nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Illa dai mutane su yarda a sa falle mai kauri, a shafa jan fenti kafin fentin ado, in ba haka ba damina biyu tsatsa ta cinye ƙasan. Kuma tun da an taɓo ƙarfe, ku bar ni in yi ƙorafi a kan ƙofofin nan na waje da ake ce wa na Turkiyya. Akwai na gaske, masu nauyi, ban musa ba. Amma da yawa ka ƙwanƙwasa ka ji, falle ne siriri ciki da waje, tsakiya kwali mai ramuka. Sheƙi kawai. Mukulli ya lalace ka zaga kasuwa ba ka samu irinsa ba. Kuma ko wace iri ce, in ba a cika firam ɗin da siminti ba, da ƙarfe ɗaya ake banƙare ta.

Kafinta: Ƙofar ƙarfen taka kuma in tana kallon yamma, la'asar ta yi ba mai iya dafa ta. Katako ba ya haka. Maɗaci ko iroko da ya bushe sosai, a shafa masa maganin gara, jikoki za su gada. Matsalar yanzu ɗanyen katako ake kawowa, ka haɗa ƙofa da damina, hunturu na zuwa ta tsage ka hango tsakar gida ta jikinta. Ta banɗaki kuwa ko ni ba na ba da shawarar katako, a sa ta roba ko alminiyon.

Admin: Jama'a a dawo kan taga. Ƙofa a buɗe mata nata zauren.

Anti Nas: Kafin a dawo, abu ɗaya da ba wanda ya faɗa. Boglarin nan da ake kafewa cikin bango a kowane ɗaki, in gobara ta tashi ta falo ina za a bi? Mun sha karɓar waɗanda maƙwabta suka yi ta dukan ƙarfe daga waje hayaƙi na cinye su a ciki.

Injiniya: Wannan ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. A Amurka dokar gini ta wajabta kowane ɗakin kwana ya samu tagar da mutum zai iya fita ta cikinta, kuma in an sa mata ƙarfe dole ya buɗu daga ciki ba tare da mukulli ba. Mu ko ba mu kai nan ba, a yi wa boglarin ɗakin kwana 'yar ƙofa mai hinji, sakatarta daga ciki inda hannun na waje ba ya kaiwa.

Mai Walda: Ana yi, ƙarin kuɗin ma ba yawa. Sai dai in na kawo maganar sai mai gida ya ce ina yi masa fatan gobara.

Mai Sabon Gini: Allah ya tsare. Ni dai a yi min, na ji. To yanzu in na fahimta: na yamma in rage su zuwa ƙafa 3, ɗakunan kwana kesmen, falo silaidin tun da shi ne fuskar gida. Mai alminiyon, gilashin nan mai duhu da ke kama da madubi fa? Uwargida shi take so, wai ba a ganin ciki.

Mai Alminiyon: Da rana ba a gani, kuma yana rage zafi. Da daddare in kun kunna fitila abin juyawa yake, na waje ya gan ku tar, ku ba ku ganinsa. Labule dai ba makawa. Ka sa mai kauri milimita 5, kada wani ya lallaɓa maka mai 3 a taga mai wannan faɗi.

Baba Magini: Falon ma ni ban yarda ba. Nan yara za su kwana in zafi ya matsa, nan baƙi za su zauna. Fuskar gida wa take ciyarwa? Ka sa kesmen, ko ka bar rami sama da linta a sa bulo mai huda da raga, zafin da ya taru a ƙarƙashin silin ya samu hanyar fita.

Maman Yara: Bulo mai huda? Baba so kake ƙurar Sahara duka ta tare a falon yaron nan.

Baba Magini: Sai a toshe da kwali in hunturu ya zo, a cire a Maris.

Maman Yara: Wa zai hau tsani ya toshe?

Mai Alminiyon: Alhaji, ni dai kada a taɓa ramukan nan bayan na yanka kaya. In za a rage na yamma a rage, magini ya gama filasta, sannan in dawo in sake awo. Alminiyon in an yanke ba a ƙara shi.