Sasfenshin da Hausa: ni dai "kayan ƙafa" na zaɓa

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga makanikai da masu sayar da kayan gyara da malamanmu na harshe. Ina shirya bayani da Hausa a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai gyara ƙarƙashin tsohuwar motar gudu har ta koma tana kama titi, irin su BMW E36 mai ƙofa biyu da Honda Prelude da Mazda MX-5. Duk bayanin ya dogara ne a kan kalmar da Turawa ke rubutawa suspension, mu kuma muke cewa sasfenshin. Me za mu kira ta? Ina da ra'ayina, amma gara a baje ta a faifai kowa ya sa baki.

Tuni wasunku suka kawo nasu sunayen da gyare-gyare, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu fara sallamar guda biyu. "Dakatarwa" ba ta shigo nan ba sam, wannan ta ma'aikacin da aka ce ya zauna a gida ce. Wanda ya karanta "dakatarwar mota" zai ɗauka an kama motar ne a hanya. "Maratayi" ta fi kusa da asalin kalmar, domin a da can a Turai da igiyoyin fata ake rataye akwatin keken doki don kada fasinja ya ji jijjiga. To amma motar yau ba a rataye take ba, zaune take a kan sifirin.

Abin da muke nema wa suna ba ƙarfe ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗi. Sasfenshin shi ne duk abin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota: sifirin da ke ɗauke da nauyi, shakazoba, ƙarafan da ke riƙe da taya a mazauninta, bushin na roba da ke kowace gaɓa, boljoyin (gaɓar ƙarfe mai dunƙulen kai da ke juyawa), da sandar nan da ta haɗa hagu da dama don kada mota ta kwanta a kwana. Yawancin masu mota idan sun ce sasfenshin, shakazoba kawai suke nufi. Sai mutum ya tara kuɗinsa ya saya guda huɗu, a ɗaura, ya hau titi ya ji ƙwanƙwasar tana nan, sitiyarin ma yana nan yana yawo. Shi ya sa nake son suna wanda da jin sa ka san tarin kaya ne masu aiki tare.

Sunan kuwa yana nan, ba sai mun ƙirƙiro ba. Ku shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ku saurara. Bakanike zai ce maka "ƙafarta ta mutu", ko "aikin ƙafa ne", ko ya aiki yaronsa wurin masu kayan ƙafa. Ba wanda ya zauna ya tsara musu, bakinsu ne ya haife ta. Ni a nan na tsaya: kayan ƙafa.

Malam, na ga gyaran da ka yi, Allah ya ƙara sani. Ka ce ƙafa a Hausar mota ita ce taya, tunda muna cewa mota mai ƙafa huɗu, babbar mota mai ƙafa goma, don haka za a samu ruɗani. Gaskiya ne muna faɗin haka wajen ƙirge. Amma ka lura, wanda tayarsa ta yi faci ba ya cewa ƙafarsa ta lalace, cewa yake taya ta sace, ya nufi wurin mai faci. Taya ta riga ta kama gidanta a Hausa, ta bar wa ƙafa fili. Kuma da zarar ka sa "kayan" a gaba, shubuhar ta kau. Ga wani abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa: kalmar tana haihuwa. Daga ita muna samun aikin ƙafa, ƙafar gaba, ƙafar baya, da saitin ƙafa a madadin alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi. Gwada yin haka da "maratayi" ka ji yadda harshe zai sarƙe.

Ɗan'uwan da ya kawo "gammo", wallahi ka burge ni, na daɗe ina juya ta. Gammo yana shiga tsakanin kai da kaya, ya hana tauri ya gamu da tauri. Sai dai gammo ba ya ɗaukar kayan, ba ya kuma tafiya da shi, wuya da ƙafa ke wannan aikin. Saboda haka ta yi wa dukkan tsarin kaɗan, amma ta zauna daram a kan bushin da robar da ke saman shakazoba. Kada mu yar da ita. A rubutuna zan ce "bushin, wato gammon gaɓa", kuma ina ganin duk wanda ya ji haka zai gane dalilin da ya sa ƙarfe ke bugun ƙarfe idan robar ta cinye.

A kan shakazoba kuwa ina roƙon mu yi hattara. An kawo "mashayin gargada" da "mai shanye jijjiga". Suna da daɗin ji, amma kuskuren Turancin suka kwafo. Ba shakazoba ke shanye bugun rami ba, sifirin ne. Idan taya ta faɗa rami, sifirin ya matse ya saki, kuma da za a bar shi shi kaɗai sai motar ta yi ta lilo sama da ƙasa har taya ta riƙa rabuwa da kwalta. Shakazoba bututu ne mai cike da mai, da fistin a ciki mai ƙananan ƙofofi. Kowane motsi sai ya tilasta wa man bi ta ƙofofin nan, ƙarfin lilon ya koma zafi ya fita. Taɓa shi bayan doguwar tafiya a kan gargada, za ka ji ɗumi. Aikinsa ke nan, kashe lilo. A kasuwa mu ci gaba da cewa shakazoba, don ba wanda zai raba 'yan Ƙofar Ruwa da ita, ba ma buƙatar hakan. A wajen koyarwa sai mu fassara shi da "makashin lilo".

Akwai wata da na samo wa kaina, ku duba mini ita. Ƙafar gaban E36 irin ta MacPherson ce, sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, wadda ta yaɗu daga motocin Ford na Ingila a farkon shekarun 1950: sifirin da shakazoba a haɗe wuri ɗaya, ƙarfe ɗaya a ƙasa. Wannan sunan mutum ne, a bar masa abinsa. Prelude kuwa, da MX-5 da ta fito a 1989, ƙarfe biyu ne ke riƙe da kowace taya, sama da ƙasa, kowanne mai baki biyu a gefen jikin mota da kai ɗaya a gefen taya. Makanikai na cewa lowa am da ofa am, wato hannun ƙasa da hannun sama a Turance. Hannu a cikin ƙafa bai zauna mini ba. Siffarsa ta gwafa ce, don haka na ce gwafar sama da gwafar ƙasa, tsarin kuma "ƙafa mai gwafa biyu".

To ga amfanin sunan ga mai ɗan kuɗi kaɗan. An ƙera E36 daga 1990 zuwa 2000, Prelude samfuri na biyar kuma daga ƙarshen 1996 zuwa 2001, ka ga ko autarsu ta haura shekara 20. Roba ba ta kai wannan shekarun lafiya, balle a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina da ke kwanciya a titi. Don haka kuɗin farko na gammo ne da gaɓoɓi. A ɗaga motar, a sa ƙarfe a banƙara kowace gaɓa, a girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama. A E36 an san wuraren da ke fara mutuwa: bushin ɗin ƙarfen ƙasa na gaba, bushin ɗin dogon ƙarfen ƙafar baya, da robar saman shakazoban baya. Su ne mafi araha a cikin kayan ƙafa, kuma su ne suka fi sauya yadda mota ke jin umarnin sitiyari. Oga, ku da ke ɗaurawa, don Allah a riƙa jira sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta kafin a yi ɗaurin ƙarshe na notin bushin. Idan aka ɗaure tana sama, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi ƙarko ba.

Sai shakazoba, kuma bibbiyu ake sauyawa, na gaba tare, na baya tare. A nan ba na goyon bayan ɗan Beljiyam, wato kayan da aka yi amfani da su a waje aka shigo da su. Gwafa ta ƙarfe za ka iya dubawa da ido ka saya, amma shakazoba lalacewarsa a ciki take, ana iya wanke shi ya yi ƙyalli alhali man ya gaji. Sabon KYB ko Sachs ko Monroe daga hannun wanda ka amince da shi ya fi tsohon Bilstein da ba ka san tarihinsa ba. Idan kuɗin bai kai na huɗu ba, yi biyu yanzu, biyu idan Allah ya hore. A duba shekarun taya ma: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT a jikin taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Sifirin shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba ya buƙatar a taɓa shi. Samarinmu na son a sassauke mota ta kusa taɓa ƙasa saboda abin da suke gani a bidiyon Jamus da Jafan. Sifirin ɗin da kamfanoni irin su Eibach da H&R ke yi don haka yakan rage tsayi da kimanin milimita 25 zuwa 35, kuma an yi shi ne da lissafi. Wanda ya sa aka yanke masa sifirin da injin yanka ƙarfe ya yi gyaran gangar Abzinawa: ƙafar ta rasa wurin motsi, shakazoba ya riƙa dukan ƙarshensa, ƙasan injin inda baƙin mai ke taruwa ya matso kusa da kowane tudun rage gudu na cikin unguwa. Ku tuna Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, mai ƙofa biyunta ta sake lashewa a 1978, kuma abin da aka san ta da shi shi ne ƙafa mai doguwar tafiya da ke bin ƙasa duk yadda ta karkace. Titinmu irin wannan ƙafar yake so. Bayan duk wani aiki kuma, saitin ƙafa wajibi ne, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Na gode wa duk wanda ya sa baki. Abin da zan yi amfani da shi ke nan: sasfenshin ya zama kayan ƙafa, alaimen ya zama saitin ƙafa, bushin da shakazoba su zauna da sunansu, gammon gaɓa da makashin lilo su zama bayaninsu, gwafa kuma na bar ta a gabanku, musamman makanikai, ku gwada ta a gareji ku gaya mini ko yaranku sun ɗauka. Jimlar farko ta bayanin za ta zama haka: "Kafin ka sayi shakazoba, sa a ɗaga motar a duba maka kayan ƙafa gaba ɗaya, a fara da bushin."