Waɗanda suka taɓa kallon tseren TT a tsibirin Man, ku zo mu tuna baya

Tsohon Injiniya:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya jikana ya kawo mini waya yana nuna mini tseren babura, an maƙala kyamara a hular kwanon mahayi, yana ta cewa "Kaka, ka ga gudu!" Na ce masa wannan titin da kake gani na zauna a bakinsa tun ba a haifi ubanka ba. Bai yarda ba sai da na tono masa hoto. Shi ne na ce bari in cigita a nan, ko cikin waɗanda suka yi karatu a Birtaniya akwai wanda ya taɓa tsallakawa tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ireland, lokacin TT, wato tseren baburan da ake yi a can.

Ni a 1978 na je. Ina karatu a Liverpool, wani Bature ɗan ajinmu ya matsa mini lamba sai na raka shi. Muka shiga jirgin ruwa zuwa Douglas, babban birnin tsibirin, cikinsa maƙil da babura an ɗaure da igiya, ni kuwa Bakatsine ban saba da teku ba, da amai na ƙarasa tafiyar.

Na ɗauka fili za mu tarar mai shinge da kujeru. Ashe titin gari ne kawai suke rufewa, da turakun wayarsa da katangun dutse da ƙofofin gidajen mutane. Zagaye ɗaya mil 37.73, ya ratsa ƙauyuka, ya hau dutsen Snaefell, ya gangaro. Muka zauna a kan wani tudun ciyawa ƙafafunmu na reto ta wajen kwalta. Babur na farko da ya wuce, wallahi ban gan shi ba. Ƙara na ji, iska ta mare ni, na janye ƙafa da sauri, mutanen wurin suna ta yi mini dariya.

Shekarar da Mike Hailwood, tsohon zakaran duniya, ya dawo ke nan bayan shekara 11 rabonsa da tseren. Yana da shekara 38, a kan Ducati mai ja da kore, lamba 12. A lokacin ban ma san ko wane ne ba. Da rediyo ta ce shi ya ci, na ga wani dattijo mai furfura a gefena yana kuka shaɓe-shaɓe, ni kuma ina ta tambayar abokina yadda aka yi aka san wanda ya ci.

Ɗan Fagge:
Baba, ban gane wannan ba. Ba wanda ya riga isa ne ya ci ba?

Tsohon Injiniya:
A'a ɗana, ba tare suke tashi ba. Ɗaiɗai ko bibbiyu ake sakinsu, tazarar daƙiƙa goma, kowa da agogo yake tsere. Sai ka ga mutum ya wuce ka a na uku alhali shi ke kan gaba. Shi ya sa in ba ka da 'yar rediyo a kunne, kallon kurma kake yi. A wancan lokacin kuma, a wurin tashi akwai wani dogon allo, yara 'yan sikawut ke canza lambobinsa da hannu.

Malamin Lissafi:
Allah sarki, Injiniya, ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Tawa zuwan 1985 ce, kuma cikin azumi ta faɗo. Wanda bai yi azumin watan Yuni a can ba bai san tsawon yini ba, rana ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta gota. Tsohuwar da na kama ɗaki a gidanta ta kasa gane abin da ya sa ba na karyawa da safe, amma da na yi mata bayani, kullum sai ta ajiye mini banda ɗin kifinsu da burodi a kicin don sahur. Har yau in na ji warin kifin banda ita nake tunawa.

A ƙasan Bray Hill na tsaya. Gangare ne a tsakiyar unguwa, gidaje hagu da dama, su sauko totur a murɗe har ƙarshe, a gindin gangaren cikin babur ya kusa kartar kwalta. Sai ƙamshin man nan Castrol R ya biyo baya, mai kama da ana suya. Abokina ɗan Sudan ya ce mu tambayi malamai ko shaƙarsa da gangan na karya azumi.

Joey Dunlop ya ci tsere uku a makon. Abin da kowa ke zancensa shi ne a hanyarsu ta zuwa daga Ireland ta Arewa jirgin kamun kifin da ya ɗauko su ya nutse da babura a ciki, aka ceto su, kuma mutumin ya zo ya yi abinsa kamar ba a yi ba. Na gan shi ido da ido a inda suke gyara, hannunsa baƙi ƙirin da mai, gashi buzu-buzu. Da ba don hular kwanonsa rawaya da ke ajiye a gefe ba, cewa zan yi yaron makanike ne.

Maman Likita:
Ku dai maza daɗinta kuke tunawa. Ni maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ja ni can da goyo a bayana. Na tsallaka titi sayen madara, kafin in fito an rufe hanya. Awa nawa ina tsaye a wancan hannun, shi yana wannan hannun, muna hangen juna ba damar ƙetarawa, yarinya na ta tsala kuka saboda ƙara. Wata mata ce ta leƙo ta taga ta kira ni cikin gidanta, ta ba ni shayi, ta toshe wa yarinyar kunne da auduga.

Kuma ku faɗa wa yaran nan gaskiya, ana mutuwa a wurin. Matar nan ta ce mini in ta ji jirgi mai saukar ungulu ya tashi, rage rediyo take yi don kada ta ji suna. Ban sake komawa ba.

Malamin Lissafi:
Gaskiyarki Hajiya, ba mai musa miki. Waɗanda suka rasu a wannan titin tun 1911 sun haura 250. Shi kansa Agostini, zakaran duniya ɗan Italiya, daina zuwa ya yi bayan abokinsa Gilberto Parlotti ya mutu a can a 1972, kuma daga 1977 aka cire TT daga gasar duniya. Shi ma Joey a kan babur ya tafi, a Tallinn ta ƙasar Estoniya a 2000, wata guda bayan ya sake cin uku a tsibirin yana ɗan shekara 48.

Mai Sifana:
Iyayena, ku ba ni wuri, ni ne autanku. Kwas aka tura ni Ingila a 1992, na saci kwana uku na je. A gadar Ballaugh na tsaya, inda babur ke tashi sama tayoyi biyu duka sannan ya dire. Ni da na girma a garejin babana cikin Roadmaster da Vespa, irin waɗanda ma'aikata suka saya da kuɗin Udoji, ina ji da kaina na san kukan kowane inji. Sai ga farar Norton ta Steve Hislop. Injinta ba fistin, juyawa yake yi, kukanta daban da na kowa, tun daga nesa ka san ita ce. Shi da Carl Fogarty a kan Yamaha suka yi ta karɓe gaba a hannun juna, bayan zagaye shida, sama da mil 226, daƙiƙa 4.4 ce ta raba su, Hislop ya ci. Na dawo gida na zana wa babana yadda injin yake a bayan kwalin fulogi. Ya juya kwalin sama da ƙasa ya ce ƙarya nake.

Tsohon Injiniya:
Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Kin san shi Hailwood ɗin ba a tsere ya mutu ba. A 1981 ya fita da 'ya'yansa a mota sayen kifi da dankali, babbar mota ta gitta musu.

Maman Likita:
Na san inda ka dosa Alhaji, kwana ya ƙare ko a kan gado ne. Duk da haka kada ka saya wa jikan nan babur.

Ɗan Fagge:
Baba Injiniya, don Allah a ɗora mana hoton.

Tsohon Injiniya:
Sai yaron ya dawo daga makaranta, ni ban iya ba. Amma kada ku sa rai da yawa. Katanga ce ta fito, da rabin kan wani Bature. Kafin in danna, babur ɗin ya riga ya wuce.