Wa ya cancanci ya fito a matsayin Kanta?

Baban Khalifa, Argungu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Magana ɗaya gare ni kuma ba ni janye ta: in za a sake yin fim a kan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, wanda ba Bakabe ba bai cancanci wanga matsayi ba. Marigayi Adamu Halilu ya yi fim ɗin Kanta a ƙarshen shekarun 1970, bayan Shaihu Umar na 1976, amma yaranmu na yau ko labarinsa ba su ji ba. Ranar da za a sake, kada a ɗauko muna wanda zai buɗe baki ya ce "suka tafi" inda Kabawa ke cewa "sunka tahi". Kun ga Amina na 2021 da anka sa a Netflix: sarauniyar Zazzau, amma mafi yawan maganar da Turanci.

Malam na Gwandu: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, da wace fuska za mu auna shi? Kanta mutumin ƙarni na 16 ne, babu hoto, babu murya. Abin da Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a Tarihin Sudan aikinsa ne: mai mulkin Leka ne, ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, rabon ganima ya haɗa su, ya yi tawaye wajejen 1516, kuma Askiya ya kasa murƙushe shi. Sannan ruwayoyin baka suna danganta asalinsa da ƙasar Katsina. In da asali za a bi, Bakatsine ma zai miƙe ya ce nasa ne.

Baban Khalifa, Argungu: Malam, wanda ya kafa Kabi ai shi ne uban Kabawa, ko daga ina ya taso. Kuma ina za ka kai tsaga?

Maman Hanan, Birnin Kebbi: Yaya, tsaga ita ce mafi sauƙi a cikin abin da ka lissafa, don samarin Kabawan ma yawancinsu yanzu ba su da ita. Aikin mai kwalliya ne. Akwai ruwan kolodiyon da ake zanawa da siririn buroshi, in ya bushe sai ya tsuke fata ya bar layi mai zurfi kamar tsohon tabo. Ana shafawa sau uku zuwa biyar, kowane shafi sai ya bushe kafin a ƙara, sannan a bi da hoda mai launin fatar don kada ya yi ƙyalli. Matsalarsa biyu. Zufa tana ɗaga gefensa ya fara ɓarewa, kuma in an maimaita shi wuri ɗaya kullum fata tana yin ja ta yi ciwo, dole a riƙa ba jarumi hutu. Abin da ya fi ba da kunya shi ne adadi: yau layi tara a kunci, gobe goma sha ɗaya, kuma a fim ɗin wuni ɗaya ne. Maganinsa a yanka takardar roba daidai kuncin jarumi a huda layukan, kullum a ɗora ta a zana, a ɗauki hoto ta gaba da ta gefe biyu kafin a fara aiki. Haka gemun liƙi, haka naɗin rawani.

Darakta, Gusau: Ina tare da Baban Khalifa a kan harshe, amma ban bi shi zuwa asali ba. Anthony Quinn haifaffen Meziko ne, ba Balarabe ba, ba Musulmi ba, amma shi ya fito a matsayin Umar Mukhtar, jagoran yaƙi da mulkin Italiya a Libiya, a fim ɗin Mustafa Akkad na 1981, kuma har yau da yawa in an ambaci Umar Mukhtar fuskar Quinn suke gani. Me ya riƙe? Tabarau, sassauta murya, tafiyar tsohon malamin allo da bai saba gaggawa ba. Turawan Italiya sun rataye mutumin a 1931, akwai hotunansa cikin sarƙa, to Quinn yana da abin dubawa. Forest Whitaker kuma Ba'amurke ne, ya koyi Suwahili da lafazin Yuganda kafin ya zama Idi Amin a 2006. Karin harshe ana koyonsa. A samu dattijo a Argungu ya karanta duk layukan jarumi a naɗa, jarumi ya yi wata biyu yana saurare yana maimaitawa, kuma mai gyaran lafazi ya zauna kusa da kyamara da ikon tsayar da ɗauka. Inda ake faɗuwa shi ne wurin fushi da kuka: da zarar jarumi ya ɗaga murya sai harshen gidansu ya dawo. Waɗannan wurare ake fi maimaitawa a atisaye.

Baban Khalifa, Argungu: Darakta, wata biyu? Masu fim ɗin da ke gama shiri duka cikin mako biyu? Kuma kai ma ka sani, a finafinanmu wanda ke Sakkwatanci ko Kabanci shi ne ɗan ƙauyen da ake wa dariya. Jarumin da ya saba kwaikwayon harshenmu don ban dariya, in ya sa rawanin Kanta abin da zai fito ke nan.

Darakta, Gusau: Wannan gaskiya ce. Irin wannan jarumin ba a ɗaukarsa.

Kawu Sarkin Dawaki, Jega: Ku yara kuna ta fuska da baki. Kanta a kan doki ya ci sunansa. Mai kallo a ƙasar nan da ganin yadda mutum ya sa ƙafa a likkafa ya san mahayi ne ko ɗan koyo. Linzaminmu yana da kaifi, ɗan koyo in ya tsorata sai ya fizge shi, doki ya yi tsaye ko bakinsa ya fashe. Aƙalla mako shida na hawa kullum, da sirdin gida mai tudu gaba da baya, ba na Turawa ba. Lifidi kuma cushe yake da auduga. A watan Afrilu zafin Kabi yana wuce digiri 40, dokin da aka sa wa lifidi ba ya jure dogon tsayuwa a rana, sai a ɗauka da sassafe ko bayan la'asar a cire masa a shayar da shi. Sulke na gaske ya kai kilo goma, a ba jarumi shi don ɗaukar kusa, na baya a saƙa musu na igiya a fesa fentin azurfa. Kuma kada in ga bindiga. Har 1591, lokacin da Maroko ta zo da bindigogi a Tondibi, Songhai da mashi da baka ta fito.

Malam na Gwandu: Kawu ya taɓo wurin. Ku ƙara da abin da ke bayan jarumi. Dogon yaro asalinsa na Indiya ne, a ƙarni na 20 aka kawo shi ƙasar nan, yau kuma babu garin da babu shi, to duk inda aka kafa kyamara sai an duba. Masara da rogo da tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka zo, ba su da wuri a kasuwar Surame, babban birnin Kanta. Tufafi saƙi ne na ƙananan ƙwarya da aka ɗinke, da rinin baba, ba shadda ba. Amma ni abin da ya fi damuna rubutu ne. Marubuci zai so mugu, sai ya mai da Askiya mai zare ido da dariyar ƙeta. Mutumin da ya yi hajji a 1496 zuwa 1497, ya yi wa Shehu Magili tambayoyi a kan mulki da shari'a! Rigimarsu ta ganima da iko ce tsakanin manya biyu. In an ƙasƙantar da Askiya, nasarar Kanta ma ta zama ƙarama, ko da jikan Kanta na cikinsa aka ba matsayin.

Maman Hanan, Birnin Kebbi: Malam, to in haka ne ranar da aka zo kan 1805, da Abdullahin Gwandu ya ci Birnin Kabi, wa za a mayar mugu?

Malam na Gwandu: Ba kowa, Hajiya, in ana son a haska fim ɗin a Gwandu da Argungu duka. Tazyinul Waraƙat na Abdullahi da Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello daga ɓangaren masu jihadi suke, Kabawa kuma suna da tasu ruwayar a fada da bakin makaɗa. Sai an ajiye biyun a gaba. Nuna fuskar Abdullahi kuwa wata muhawara ce daban. Ko shirin talabijin na Halifa Umar na 2012 sai da Azhar ta nuna rashin amincewa da nuna fuskokin halifofi, alhali wasu malamai sun duba shi sun yarda.

Baban Khalifa, Argungu: Duk na ji. To a buɗe gwaji a Argungu, kowa ya zo, Bakano da Bakatsine. A ba shi doki, a ba shi shafi ɗaya na faɗa da Askiya cikin Kabanci, dattawa su saurara ba tare da sun ga fuska ba. Ni dai na san wanda zai ci.

Kawu Sarkin Dawaki, Jega: A yi gwajin dokin a fili, ba a Surame ba. Kufai ne na tarihin ƙasa, yanzu cikin jihar Sakkwato yake, sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ake shiga da kayan aiki, kuma ganuwar dutse da ta rage ba ta ɗaukar sukuwar dawaki hamsin. A ɗauki ganuwar ita kaɗai, yaƙin a gina masa bango a wani wuri. Makamai kuma a je gidan tarihin Kanta a Argungu a auna, a ba maƙera su ƙera marasa kaifi.